Furen Gaggawa: Asarar Da Ke Farawa Tun Daga Gadon Reno

Wanda ya bi hanyar Kura zuwa Kadawa a ƙarshen watan Janairu, ko ya ratsa fadamun Goronyo da Wurno, ko ya leƙa garake a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar, zai ga albasa shimfiɗe kore shar iya ganin ido. Injinan ban ruwa na ta ruri, yara na karkata ruwa daga wannan fangali zuwa wancan.

In ya tsaya ya duba da kyau, a wasu gonakin zai hangi dogayen karare sun zarce lawashi tsawo, kowanne da ɗan dunƙule a kansa. Kwana kaɗan sai dunƙulen ya fashe, farin fure ya fito, ƙudan zuma su taru.

Baƙo sai ya ce gona ta yi kyau. Mai gona kuwa ya san abin da ya same shi. Duk albasar da ta fitar da wannan kara ta rage yin kai, ba za ta ajiyu ba, kuma dillali ba zai saye ta da daraja ba. Kuɗin fetur da na taki da ladan 'yan dashe kuwa tuni sun fita.

Ba mai albasa kaɗai abin ke sha wa kai ba. Mai latas kan wayi gari a watan Maris ya tarar latas ɗinsa ya miƙe sama, ganye ya ƙanƙance ya yi ɗaci. Mai alayyafo kan ga alayyafonsa ya fitar da kai tun bai wuce taƙi ɗaya ba.

Wasu su ɗora laifin a kan taki, wasu a kan mai sayar da iri, wasu su ce shekarar ce ta zo da haka. Amma in aka bi diddigi, galibi za a tarar an yanke wa gonar hukunci makonni kafin karan farko ya leƙo: a ranar da aka yi yafi, a kwanakin da dashe ya yi a gadon reno, da kuma asalin irin da aka shuka.

Fure ba cuta ba ne

Babu maganin feshi da ke hana wannan matsala, domin ba ƙwaro ke kawo ta ba. Kowace shuka so take ta bar iri a bayanta. Rigimarta da manomi a kan lokaci ne kawai.

Albasa da karas da kabeji shukoki ne masu zango biyu. A zangon farko suna tara abinci, a na biyu su kashe shi wajen yin fure da iri. Kan albasa rumbu ne da shukar ta cika domin zango na biyu, manomi kuma aikinsa shi ne ya kwashe rumbun kafin ta buɗe shi. Latas da alayyafo kuwa zango ɗaya gare su: ganye da farko, fure daga baya. Abin da mai lambu ke so shi ne lokacin ganyen ya yi tsawo.

To, me ke gaya wa shuka lokaci ya yi? Abu uku ne: sanyi ko zafi, tsawon yini, da wahala irin ta ƙishi ko cunkoso.

A 1918 wani masani Bajamushe, Gustav Gassner, ya nuna cewa wasu hatsin ƙasashen sanyi ba sa fitar da kai sai sun sha sanyi suna ƙanana. A 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa wani irin taba ba ya fure sai yini ya gajarta. Daga baya aka fahimci cewa ganye ne ke auna tsawon dare da yini, ya aika saƙo zuwa tsakiyar shukar inda sabon toho ke fitowa. Da zarar tohon ya juya ya zama kara, ba ya komawa ganye.

Manomin ƙasar Hausa ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Dawar gargajiya, kaura ko farafara, ko an shuka ta a ruwan farko ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fitar da kai a ƙarshen damina. Yakuwa da rama ma sai yini ya fara gajarta suke huda. A Kano bambancin tsawon yini tsakanin Yuni da Disamba bai fi awa ɗaya da rabi ba, amma wannan ɗan bambancin ya ishi shuka ta gane inda shekara ta kai.

Albasa da sanyin hunturu

Abin da ke kiran albasa zuwa fure shi ne sanyi. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, da dare ma'aunin zafi a Sakkwato da Kano da Tawa kan sauka zuwa digiri 12 ko 15, wani lokaci ƙasa da haka, musamman a cikin fadama inda sanyi ke kwanciya.

Sai dai ba kowace albasa ke amsa wannan kira ba. Ƙaramar albasa mai ganye uku ko huɗu sanyi zai wuce ta kanta ba abin da zai same ta. Wadda ta girma, wuyanta ya fi kaurin fensir, ta tara abincin da zai ishe ta, ita ce in ta sha darare masu sanyi na makonni a jere take juyawa zuwa fure. Karan ba ya fitowa nan take. Sai bayan makonni ake ganinsa, shi ya sa manomi ba ya haɗa abin da yake gani a Fabrairu da yafin da ya yi a Satumba.

Albasar Afirka ta Yamma, irin su ta Galmi mai launin shunayya da ja ta Bawku a arewacin Ghana, ba ta buƙatar sanyin Turai kafin ta yi fure. Sanyin hunturunmu ya ishe ta. Wannan hali rahama ne ta wani ɓangaren, domin shi ya sa manoman Galmi da Madawa da Aliero ke iya fitar da irinsu da kansu. Kabeji kuwa da wuya ya yi fure a ƙasarmu mai zafi, don haka kusan duk irinsa daga waje ake kawo shi a gwangwani ko a leda. Amma halin da ke ba mu iri shi ne kuma ke ɓata gona in aka kuskure lokaci.

Albasar damina, wadda ake girbewa kafin sanyi ya kankama, takan tsira, ko da yake tana fama da cututtukan laima. Wadda aka yi yafinta a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, aka dasa a ƙarshen Nuwamba ko Disamba, sanyi kan same ta tana ƙarama, ta yi kai lokacin da gari ya fara ɗumi. Mai hatsarin ita ce ta tsakiya: an yi yafi a ƙarshen damina, an dasa a Oktoba, sanyi ya zo ya tarar da ita ta yi ƙarfi amma ba ta nuna ba.

Jinkiri ma yana da nasa farashin. Wanda ya kai ƙarshen Janairu bai dasa ba, zafin bazara zai tilasta wa albasarsa yin kai tun ganye bai wadata ba, ta fito ƙanana, ƙananan ƙwarin da ke tsotse lawashi kuma su yi mata yawa.

Kasuwa ce ke tura manomi

In an san haka, me ya sa ake gaggawa? Amsar tana kasuwa. A Maris da Afrilu kowa ya girbe, albasa ta cika ko'ina, farashi ya faɗi. Daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen shekara kuwa ta yi ƙaranci, buhu ɗaya ya ninka kuɗinsa sau biyu ko uku, wata shekarar fiye da haka.

Manomin da ke shuka da wuri yana da hujjarsa. Lissafinsa shi ne, ko da kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ya yi fure, in sauran ya riski kasuwa da tsada, ya fi wanda ya girbe gona lafiyayya ya sayar a lokacin arha. Sau da yawa kuma ba shi da wurin ajiya mai kyau, ga bashin taki da na fetur na jiransa.

Malaman gona suna kallon abin ta wata fuska. A ganinsu sauri kan haifi nawa, domin sanyi ba ya zuwa iri ɗaya kowace shekara. A shekarar da ya yi sauƙi mai gaggawa ya ci riba, a shekarar da ya yi tsanani kuwa fure na iya cinye babban ɓangaren gonar.

Shi kuma ɗan kasuwa tafiya yake tunani. Motocin albasa daga Galmi da Aliero suna kwanaki a hanya kafin su isa Legas, Kwatano, Kumasi, Akara ko Abijan. Albasa mai lafiya wuyanta kan bushe ya rufe. Wadda ta yi fure kuwa kara ne mai tauri da rami ya ratsa tsakiyarta, wuyan ba ya rufewa, ta nan ruɓa ke shiga. In ta ruɓe a buhu ko a rudu, sai ta shafi na kusa da ita. Shi ya sa dillali ke matsa wuyan albasa da yatsa kafin ya yi tayi, in ya ji tauri ya ware ta gefe.

Akwai hanyar tsakiya da ake bi a wasu wurare, ciki har da Sanagal. A yi yafi mai kauri a ƙarshen rani, a sami 'yan ƙananan kawuna, a adana su, a dasa a ƙarshen damina domin a girbe da wuri. Nan ma girma ne ke yanke hukunci: ɗan kan da bai wuce kaurin santimita 2 ba yakan yi albasa, wanda ya fi haka yakan tafi fure.

Latas da alayyafo: zafi da ƙishi

Latas akasin albasa ne. Sanyi yake so, zafi ke kora shi zuwa fure. Ya fi jin daɗi in zafin rana bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Da zarar ya zarce 30 kwana da kwanaki, sai gindin ya fara tsawo, sababbin ganye su ƙanƙance, farin ruwan nan mai kama da madara ya ƙaru, ɗaci ya shiga. A Sakkwato da Maiduguri kuwa zafin Afrilu kan haura digiri 40.

Daga 2022 zuwa 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, wato lokacin da gidaje suka fi neman latas domin buɗa-baki shi ne lokacin da ya fi wuyar nomawa. Yanzu da azumi ke matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana shiga cikin sanyi, kuma wannan dama ce ga mai lambun da ya iya lissafin ranar yafi.

Ƙwayar latas ma kanta tana gudun zafi. In ƙasa ta yi zafi kusan digiri 30, sai ta ƙi tsirowa, mai lambu ya zaci irin ya mutu. Maganin shi ne a yi yafi da yamma, a jiƙa gadon sosai, a yi masa inuwa da zana, kuma kada a binne ƙwayar da zurfi domin ƙarama ce ƙwarai.

Wanda ke son latas ya daɗe a lambunsa, kada ya zuba irinsa duka rana ɗaya. Ya riƙa yafa kaɗan duk bayan kwana 10 ko mako biyu, ta yadda kafin wannan ya tsufa wancan ya taso. In zafi ya matso, ya nemi irin da aka rubuta a jikin ledarsa cewa yana jure zafi kuma yana jinkirin fure, ya rufe gindin da ƙaiƙayin shinkafa ko busasshiyar ciyawa, ya riƙa tsinkar ganye yana ɗanye maimakon jiran ya cika.

Alayyafo ba ya tsoron zafi. Abin da ke sa shi gaggawa shi ne gajeren yinin hunturu, da ƙishi, da cunkoso, da ƙasar da ba ta da ƙarfi. In aka yi yafi mai kauri ba a tsinke ba, ko aka bar shi kwana biyu ba ruwa, sai ya ɗauka ƙarshensa ya zo, ya yi sauri ya fitar da kai. Taki mai kyau, ruwa a kan kari da yanke kansa a kai a kai su ke tsawaita kwanansa.

Abin da manoman Italiya suka gane

A kudancin Italiya, musamman yankin Fuliya da kewayen birnin Nafoli, akwai wani ganye da ake ji da shi, wanda a kasuwannin Amurka ake kira burokoli rab ko rafini. Dangin kabeji ne, yana da ɗan ɗaci, ana cin ganyensa da ɗanyen karansa da tohon furensa tun bai buɗe ba. A Fuliya da taliya ake dafa shi, da man zaitun da tafarnuwa da barkono.

Abin lura game da wannan ganye shi ne, manominsa yana son fure, amma a lokacinsa. In tohon ya fito bayan shukar ta yi jiki, an sami kaya. In ya fito tana ƙarama, ko ya buɗe ya zama rawaya, an yi asara.

Italiyawa sun warware wannan ta hanya biyu. Ta farko, suna shuka shi daga ƙarshen lokacin zafi zuwa kaka, domin ya girma yayin da gari ke ƙara sanyi, yini na ƙara gajarta. Ta biyu, sun ware irinsa bisa kwanakin da yake ɗauka: akwai na kwana 40, na 60, na 90, na 120. Mai son girbi da wuri ya ɗauki mai gajeren zango, mai son kaya cikin tsakiyar sanyi ya ɗauki mai dogo. Tun a wurin sayen iri an haɗa shi da kalanda.

Da 'yan ci-ranin Italiya suka kai shi Amurka da Kanada, masu lambun gida da yawa suka riƙa shuka shi bayan wucewar sanyi, kamar sauran kayan lambu. Su rene shi a ƙananan kofuna cikin ɗaki, saiwa ta cunkushe, su fitar da shi waje ya sha ragowar sanyi, sannan zafi ya zo farat ɗaya, yini ya kai awa 14 ko 15. Sakamakon shi ne fure a kan shukar da ba ta kai taƙi ba. Shawarar da ake ba su ita ce su shuka shi kai tsaye a inda zai zauna, su rage cunkoso, kada ƙasa ta bushe, su kuma yanke shi kafin furen ya buɗe, domin rassan gefe za su sake tohowa.

Wannan darasi ya shafi manoman tsaunukan Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, ake noman burokoli da farin kabeji ana kaiwa kasuwar Farin Gada da Abuja. Dashen burokolin da ya tsufa a gadon reno ɗan ƙaramin kai yake yi, ba ya ƙara girma. Ya kuma shafi masu shuka a buhu da bokiti a gidajen birni, waɗanda ke sayen ledar iri daga waje. Watannin da aka rubuta a bayan ledar na ƙasashen sanyi ne. A wurinmu lokacin irin waɗannan ganyaye hunturu ne. Albasar arewacin Turai kuwa, mai buƙatar yinin awa 14 zuwa 16 kafin ta yi kai, lawashi kawai za ta yi a nan, domin yininmu ba ya kai haka.

Aikin gadon reno

Tun ran gini ran zane. Mafi yawan abin da zai hana furen gaggawa a gadon reno ake yin sa, kuma bai fi ƙarfin ƙaramin manomi ba.

A fara da gwada irin. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa. Cikin kwana 7 zuwa 10 za a ga nawa suka tsiro. Wannan ya fi muhimmanci ga albasa, domin irinta ba ya daɗewa: a zafinmu, bayan shekara ɗaya ƙarfinsa ya ragu sosai. Wanda bai yarda da irinsa ba shi ke zuba shi da yawa, daga nan cunkoso ke farawa.

A yi gadon da faɗin kimanin mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba. A zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya, ba ɗanye ba. Maimakon watsawa, a ja layuka da tazarar yatsu huɗu ko biyar, a zuba irin a ciki, a rufe da ƙasa mai laushi. Kilo 4 zuwa 5 na irin albasa ya isa dashen hekta guda.

A rufe da ciyawa har ya tsiro, sannan a ɗage ta. Ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma ya fi ambaliya yau, ƙishi gobe. Mako guda kafin dashe a rage ruwa da inuwa domin dashen ya saba da rana.

Sai babban al'amari, wato kwanakin dashe. Albasa mako 6 zuwa 7 ya ishe ta, tana da ganye uku ko huɗu, kaurinta bai kai fensir ba. Latas mako 3 zuwa 4. Kabeji da burokoli mako 4 zuwa 5. Karas ba a dasa shi sam, a inda zai zauna ake shuka shi.

A nan ne manoma da yawa ke faɗawa cikin matsala ba da son ransu ba. Dashe ya isa, amma shinkafar da ke gonar ba a girbe ba, ko ba a saki ruwa a magudana ba, ko kuɗin haya bai samu ba. Sai dashen ya yi wata biyu ko fiye a gado. Dabarar ita ce a fara tsayar da ranar da gona za ta kasance a shirye, a ƙirgo baya, sannan a yi yafi. Masu sayen dashe a kasuwa kuma su daina zaɓen mafi kauri, domin shi ne ya fi kusa da fure.

A yi dashe da yamma, a ba da ruwa nan take. Game da taki, yunwa tana tura albasa fure, yawan yuriya tun da wuri kuma yana sa ta girma ta isa jin sanyi kafin lokaci. A sa kamfa a farko, a raba yuriya kashi biyu ko uku, a daina da zarar ta fara kai.

Irin da ke gadon matsala

Akwai wata ɗabi'a da ke mayar da asarar shekara ɗaya ta zama ta kowace shekara. Manomi ya ga albasarsa ta yi fure, ya ce tunda kan ya lalace bari ya bar ta ta yi iri, ko ba komai ya rage asara. Ya girbe irin, ya shuka baɗi, ya sayar da ragowar a kasuwa.

Matsalar ita ce saurin fure gado ne. Albasar da ta riga 'yan'uwanta fure a zangon farko ita ce mafi gaggawa a gonar, kuma 'ya'yanta halinta za su ɗauko. Wanda ya tara irinta ya zaɓi mafi munin gonarsa ya mayar da shi uwa. In aka maimaita haka shekara da shekaru, sai a sami irin da ko an kiyaye lokaci sai ya yi fure. Haka abin yake ga latas da alayyafo: wanda ya fara fitar da kai shi ake cirewa, wanda ya yi jinkiri shi ake bari ya yi iri.

Hanyar da ƙwararrun masu fitar da irin albasa ke bi ta zango biyu ce. A lokacin girbi su zaɓi kawuna masu kyan siffa da launi, masu siririn wuya, waɗanda ba su yi fure ba. Su adana su tsawon damina, wanda ya ruɓe ya fita da kansa. A Oktoba ko Nuwamba su dasa waɗanda suka tsira, su sha sanyi, su yi fure, a girbe iri wajen Maris. Irin da ya bi wannan hanya an tace shi sau biyu: ba ya gaggawa, kuma yana ajiyuwa.

Irin wannan ya fi tsada, domin mai shi ya yi hidimar shekara biyu. A cikin mudu kuwa duka baƙaƙen ƙwayoyi ne, ido ba ya bambancewa. Shi ya sa amana ke da muhimmanci: a sayi iri wurin wanda aka san gonarsa, ko a nemi wanda ke ɗauke da shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa.

Masu sayar da irin kamfani na cewa nasu ya fi daidaito kuma an tace shi daga saurin fure. Masu riƙe da na gargajiya na cewa nasu ya fi yaji, ya fi daɗewa a ajiya, kuma ba sai sun koma kanti kowace shekara ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Mai hankali yakan gwada sabon iri a fangali ɗaya ko biyu kafin ya ba shi gona.

In karan ya riga ya fito

Karya karan tun yana ƙarami na iya sa kan ya ɗan ƙara girma, amma ba ya mayar da albasar ta ajiya. Abin da ya fi shi ne a tuge ta da wuri, a sayar da ita ɗanya da lawashinta a kasuwar kusa, ko a yanka a shanya, lawashin a yi gabu. Kada a haɗa ta buhu ɗaya da lafiyayya.

Latas ɗin da ya fara miƙewa a cire shi ranar, a sayar kafin ɗaci ya kama shi, a shuka abin da ke son zafi a wurin, kamar kuɓewa ko alayyafo.

Abin da ya rage a yi

Ranar yafin da ta dace da Kadawa ba lallai ta dace da Goronyo ko Jos ko Agadas ba. Cibiyoyi irin su cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, mai tashar gwaji a Kadawa, da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa mai reshe a Bagauda, da takwararsu ta Jamhuriyar Nijar, su ne ke da ikon gwada ranaku da iri yanki-yanki. Abin da manomi ke buƙata daga gare su shi ne kalanda mai sauƙi da Hausa, wadda za a karanta a rediyo tun watan Agusta, kafin a buɗe ledar iri.

Ƙungiyoyin manoman albasa kuma za su iya ware amintattun mutane a kowane gari da za su riƙa fitar da irin zango biyu, a saye daga gare su da farashin da zai biya wahalarsu. Muddin kuma babu rumbunan ajiya masu shan iska da bashin da zai ba manomi damar jiran farashi, kasuwa za ta ci gaba da tura shi yin gaggawa, ko ya san illarta.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kowa. Mai lambu ya sami ɗan littafi, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa abu huɗu: inda ya sayi iri, ranar yafi, ranar dashe, da yawan abin da ya yi fure. Cikin shekara uku zai san ranar da ta dace da gonarsa da irin da ya cancanci kuɗinsa, kuma zai iya koya wa maƙwabcinsa da hujja.